Rijiyata da Sokawenka: Hirar Ruwa a Gonin Gora

Mu mutanen Gonin Gora akwai mu da son gida. Duk wanda ya biyo hanyar Abuja ya sauka a unguwar nan, ya kutsa layukan da ke bayan titi, tun daga Federal Housing har ya nufi Buwaya, zai ga shaida. Wannan ya kai linta, wancan ya yi rufi, wancan kuma ya tare a ɗaki biyu yana jiran Allah ya hore masa ya ƙarasa sauran. Ma'aikacin gwamnati ne, tsohon soja ne, malamar asibiti ce, ɗan kasuwa ne, kowa da kaɗan-kaɗan ya tada nasa. Kuma mun san kan gini. Tambayi kowa a cikinmu bulo nawa buhun siminti ke fitarwa, ko wane kwano ne ba ya saurin tsatsa, zai ba ka amsa tun ba ka rufe baki ba. Mukan tsaya a kan birkila tun safe har rana ta yi sanyi, mu ƙirga rodi, mu ƙwanƙwasa katako.

Amma da an zo kan aikin ruwa sai mu sassauta. A lokacin aljihu ya riga ya yi sanyi, mai gidan haya yana ta aike, uwargida ta ƙosa a tare. Sai ka ji an ce, "Wa ya san wani yaro mai aikin famfo?" Maƙwabci ya ba da lamba, a kira yaro, ya zo da zarto da gwangwanin gam, ya rubuta kayan da za a sayo a yagen takardar siminti. Mu je kasuwa mu zaɓi mai rahusa, don a ganinmu bututu duk bututu ne. Ya sassaƙe bango ya binne, washegari mai filasta ya shafe, jibi mai tayil ya rufe. Ba a saki ruwa an gani ba, balle a ɗauki hoton inda bututun ya bi. Tayil ɗin kuwa sai mun zagaya shaguna kafin mu tsayar da launinsa, domin shi baƙo zai gani. Abin da ke bayansa mun bar wa Allah.

Bayan damina biyu sai hira ta sauya. Zauna wajen mai shayi da yamma, ko ka tsaya inda mata ke jiran a buɗe famfon bohol, ka sha labari.

"Maman yara, ni fa bangon ɗakina fenti sai kumbura yake yana zubowa, ga wani farin gari-gari a ƙasan bangon."

"Ai gara ke, Yaya. Mu da an kwana biyu ba a shiga banɗakin baƙi ba, wari har falo."

Wani ya ce da daddare ake cika masa tanki, kafin gari ya waye ya yi rabi, ya yi wa yara faɗa har ya gaji. Wani ya ce motar kwasar sokawe ta zama 'yar gida a wurinsa. Masu amsawa kuma ba sa rasa magani: a sake filasta, a zuba Izal, a ƙara fenti mai maiƙo. Kowa da maganinsa, ba mai cewa a nemo asalin ciwon, alhali ruwa ba ya tsami banza.

Abin da muke mantawa shi ne, galibinmu a nan ba ruwan hukuma muke sha ba. Hukumar ruwa ta jiha, KADSWAC, tana da injiniyoyi da masu gwada ruwa. Mu kuwa rijiya ce ko bohol, da sumo a ciki, da tanki a sama, da sokawe a bayan gida. Ashe kowane gida shi ne hukumar ruwan kansa: shi ke haƙo ruwa, shi ke ajiyewa, shi ke rabawa, shi ke zubar da ƙazanta. Duk wannan nauyi a wuyan mutum ɗaya, ba injiniya, ba mai gwaji. Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da za mu saba da wani abu da ba mu saba da shi ba, wato kiran ƙwararre ya duba aikin ruwan gida tun ba abin da ya fashe. Gyara daban, dubawa daban. Mai gyara ana kiransa ne a nuna masa inda ke yoyo. Mai dubawa shi ke zuwa ya nuna maka inda zai yi yoyo baɗi, kuma kada ya zama shi ne ya yi aikin tun farko, don mutum ba ya ganin ƙeyarsa.

Akwai wani dattijo a nan kusa da ya tsufa a wannan sana'a, kuma kallonsa yana duba gida karatu ne. Ba ya fara shiga banɗaki. Gindin tanki yake nufa, ya durƙusa ya kankare ƙafafun ƙarfen da wuƙa, daidai inda suka shiga siminti, don nan tsatsa ke fara ci. Idan mai gida ya ce, "Baba, ai tankin lafiyarsa ƙalau," sai ya ce, "Ɗana, ba tankin nake ji ba, abin da ke ɗauke da shi nake ji." Gaskiyarsa. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, tanki mai lita 2,000 idan ya cika tan 2 ke nan, nauyin buhun siminti 40, kuma a ƙarƙashinsa yaranmu ke wasa, a nan mata ke wanki. Daga nan ya hau ya leƙa ciki: murfi na rufuwa, ko ƙadangare na iya faɗawa? Akwai gansakuka? Laka nawa ta kwanta a ƙasa? Ƙwallon da ke tsayar da ruwa idan tanki ya cika yana aiki, ko sai ruwa ya yi ta malala maƙwabta sun yi ihu sannan a kashe sumo? Yakan auna tsayin ma. Kowace mita 10 ta tsayi ita ke ba da matsin bar 1, don haka tankin da da ƙyar ya ɗara rufin ɗaki ba zai taɓa ba ka shawa mai ƙarfi ba, ko sau nawa ka canja kanta.

Sai bututu. A gidan da ake kan ginawa, aikin mai sauƙi ne muddin ba a shafe bango ba. A toshe duk bakunan, a cika layin da ruwa, a buga masa matsi da ɗan famfon hannu mai agogo, sannan a zuba wa allurar ido. Idan ta tsaya cak, aiki ya yi. Idan ta fara sauka, akwai gaɓar da ba ta kama ba, kuma a ranar gyaranta bai wuce ɗan soket da gam ba. Bayan an sa tayil kuwa, sai an farfasa rabin banɗaki kafin a gano ta. A nan ne kuma ake kama wanda ya sa siririn bututun ruwan datti a layin da ke ɗaukar matsi, da wanda ya ƙona koren bututun PPR da injin haɗi har cikinsa ya tsuke, da wanda ya bar bututun roba a fili rana na dukansa har ya bushe ya fara tsagewa. A tsofaffin gidaje masu bututun ƙarfe, jan ruwan da ke fara fitowa da safe shi ke gaya maka tsatsa ta cinye ciki.

A gidan da aka riga aka tare ma akwai dabara. A rufe kowane famfo da daddare, a yi alama a jikin tanki, da safe a duba. Idan ruwa ya sauka, yara ba su da laifi, wani wuri ne ke sha a ɓoye. Sau da yawa ɓarawon yana nan a tankin masai: a ɗiga shuɗin wanki a ciki, kada a kora, a dawo bayan minti 15. Idan ruwan cikin masai ya yi shuɗi, robar ƙasa ta saki, ruwa na tsiyaya dare da rana, yana cin wuta ko man janareto, yana kuma cika sokawe. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da kusan lita 30 a wuni da kwana, ya fi jarkar da muke biyan ɗan garuwa kuɗinta.

Warin banɗakin baƙi ma ba wani abin ɓoye ba ne. A ƙarƙashin kowane wurin wanke hannu da kowace magudanar ƙasa ya kamata a sami lanƙwasar da ke riƙe ɗan ruwa, wannan ruwan shi ke tare iskar sokawe kada ta dawo ɗaki. Da hunturu ya kama, banɗakin da ba a shiga sai ruwan ya ƙafe, hanya ta buɗe wa wari da kyankyasai. Kofi biyu na ruwa a mako sun raba gardama. Amma akwai gidajen da ba a sa lanƙwasar ba sam, an zura bututu ne kai tsaye, kuma mai dubawa na gane haka da tocila kawai. Zai fita waje ya ga ko akwai bututun numfashi da ya wuce rufi, da raga a bakinsa don sauro. Zai ɗaga murfin camba, ya sa a kora ruwa daga ciki, ya ga yadda yake gudu. Bututun masai mai inci 4 yana son gangara kamar santimita 2 da rabi a kowace mita. Idan ya kwanta shafal, ƙazanta ta zauna, sai toshewa duk wata.

To, sai uwa uba, sokawe. Yadda ya kamata, rami biyu ne. Na farko tanki ne da aka shafe ciki da ƙasansa da siminti, ba ya yoyo, a nan mai kauri ke kwanciya ƙwayoyin halitta su narkar da shi. Na biyu shi ne wanda ruwan da ya tace ke gangarawa ƙasa ta tsotse a hankali. Mu fa? Da yawanmu rami ɗaya muke haƙawa, mu bar ƙasansa a buɗe, mu ce wa masu haƙa, "Ku nutsa sosai, ba na son ya cika." Wani ma sai an taɓo ruwa yake jin daɗi, wai ruwan ƙasa zai riƙa kwashewa. Yana kwashewa kuwa, amma ina yake kai shi? Masana tsaftar muhalli sun ce ƙasan irin wannan rami ya tsaya aƙalla mita 1 da rabi sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa, kuma kowa a nan ya san yadda rijiyoyinmu ke tasowa a watan Agusta, har da gajeriyar igiya a ɗebo. Ga mu da zuba Izal da sauran magunguna masu ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin da ke yi mana aikin narkarwa, ga famfas da audugar mata da leda, ga man girki daga kicin. Kuma don Allah, duk ranar da aka buɗe sokawe, kada a bar yaron kowa ya shiga ciki. Iskar da ke taruwa a ramin tana sumar da mutum nan take, kuma wanda ya bi don ya ceto shi ma yakan faɗi.

Yanzu mu yi lissafin da ba mu cika yi ba. Nisan da ma'aikatan lafiya suka fi ba da shawara tsakanin ramin ƙazanta da rijiya shi ne mita 30. Fulotinmu na 50 a 100 da ƙafa ake aunawa, a mita bai wuce kamar 15 a 30 ba. Wato ko cikakken fuloti gare ka, sai ka sa rijiya a wannan ƙurya, sokawe a waccan, sannan da ƙyar ka kai. Mai rabin fuloti kuwa ba yadda zai yi. Kuma ko ka yi naka daidai, me ke bayan katangarka? Kai ka tura sokawenka can ƙarshen gida don ya yi nisa da rijiyarka, shi kuma na bayanka a daidai nan ya haƙa tasa rijiyar don ta yi nisa da nasa sokawen. Kowa ya kiyaye kansa, kowa ya cuci ɗan'uwansa ba da saninsa ba. Katanga a saman ƙasa ta tsaya, ruwan da ke ƙasa na kowa ne. Masu bohol ma kada su ce sun tsira don sun nutsa da zurfi. Idan ba a cike gefen bututun bohol da siminti daga sama ba, ba a kuma yi masa daɓe mai gangara ba, ruwan kwata na bin gefensa ya sauka har inda sumo ke zuƙa.

Wannan ba sabon darasi ba ne a duniya. A 1854 cutar kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, ta kashe fiye da mutum 600. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗebo ruwa, ya tarar famfon titin Broad ne, ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Da aka tona daga baya, sai ga ramin ƙazanta na wani gida, bai kai mita 1 daga rijiyar ba, yana yoyo a cikinta. Mutanen unguwar suna son ruwan famfon nan, har daga nesa ake aikowa a ɗiba. Mu ma a Najeriya, a 2021 hukumar NCDC ta ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa, fiye da 3,000 suka rasu. Don haka idan muka ɗaga kofi muka ce, "Dubi ruwan nan garau, kamar na leda," ido ne kawai ya yi shaida. Ma'aunin ruwan sha na ƙasa, NIS 554, wanda hukumar SON ta fitar a 2007, bai yarda a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya a mililita 100 ba, ya kuma tsayar da sinadarin naitiret a miligiram 50 a lita, saboda haɗarinsa ga jarirai. Dukansu biyun ba a ganinsu, ba a jin warinsu, kuma dukansu sokawe na iya kawo su. Sai ɗakin gwaji. Mu kuwa ba mu da uzuri, tunda Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa tana nan Mando, cikin garin nan namu.

Idan hira ta kawo nan, dattawa kan gyaɗa kai su tuno da duba-gari. A zamaninsu, da an ce ga duba-gari nan tafe, kowa sai ya hau shara. Yakan shiga har cikin gida, ya leƙa randa ya ga ko akwai tsutsar sauro, ya duba salga, ya duba kwata, wanda ya gaza ya sha tara. Aikin bai mutu ba, jikokinsu na sana'a su ne jami'an lafiyar muhalli, akwai su a ƙananan hukumomi, ciki har da tamu ta Chikun, kuma tun 2002 doka ta kafa majalisar da ke yi musu rajista. Amma gari ya faɗaɗa, gidaje sun ninka, kuma yanzu abin da ya fi haɗari ba a randa yake ba, yana binne a bango da ƙarƙashin ƙasa. Haka nan cikakken zanen gini, irin wanda ake kai wa hukumar KASUPDA neman izini, yana da shafin da ke nuna hanyar bututu da mazaunin sokawe. Mu nawa ne suka buɗe wannan shafin suka nuna wa mai aikin famfo?

'Yan haya ma abin ya shafe su. Mukan bi dillali da rani, mu ga fenti sabo, mu ƙirga ɗakuna, mu biya kuɗin shekara. Ba mai murɗa famfo, ba mai kora masai, ba mai zagayawa baya ya ga ina sokawe yake, ina rijiya take. Sai damina ta sauka, ruwa ya fara dawowa ta magudanar banɗaki, a shiga kai ƙara wajen mai unguwa kan wa zai biya kuɗin kwasa. Da an je da mai dubawa tun ran farko, ya rubuta abin da ya gani, mai gida da ɗan haya kowa ya riƙe takarda, da zumunci ya ɗore. Kuma duk ranar da mai dubawa ya zo, a bar uwargida ta yi bayani. Ita ta san famfon da ke kuka da daddare, ita ta san lokacin da ruwan rijiya ke sauya launi, ita ta lura cewa da an shiga tsakiyar damina yara ke fara ciwon ciki.

Na san abin da za a ce: "Malam, ana fama da na abinci, wa ke da kuɗin biyan wanda zai zo ya duba kawai?" Magana ce mai nauyi, ba kuma a raina ta. Amma mu ɗora ta a sikeli da kuɗin farfasa tayil a sake sayo wani, da kuɗin motar kwasa, da kuɗin sumo da ya ƙone don yana ta aiki yana cika tanki mai yoyo, da kuɗin ƙarin ruwa a asibiti. Rigakafi ya fi magani, kuma ya fi araha. A nemi wanda ya daɗe a sana'ar, mai shaidar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago ko wanda ya yi karatun abin, a tambayi gidajen da ya yi wa aiki. A biya shi kuɗin dubawa daban, ya rubuta abin da ya gani da abin da ya fi gaggawa, gyaran kuma mai gida ya ba wanda ya ga dama. Ta haka ba zai ƙirƙiro ciwo don ya sami aiki ba.

Mu dai mutane ne masu haɗa kai. Taransifoma ta lalace, mun yi karo-karo. 'Yan sintiri, muna biya duk wata. Hanya ta zaizaye, mun sayo tifar jar ƙasa mun baje da hannunmu. To, a taron layi mai zuwa a ƙara wannan a jerin magana. Gida goma su haɗu su ɗauki ƙwararre ɗaya a watan Maris, kafin ruwa ya sauka, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A samo babbar takarda a zana layin gaba ɗaya, a sa alamar kowace rijiya da kowane bohol da kowane sokawe, a ajiye wajen shugaban layi. A tsakiyar damina, lokacin da ruwan ƙasa ya taso, a ɗebi na rijiyoyin da suka fi kusa da ramuka a kai gwaji. Inda aka tarar da matsala, ba faɗa ba ne, a zauna a ga ko ramin za a shafe da siminti, ko rijiyar za a bar wa wanki a haɗu a sha daga bohol ɗaya mai kyau. Wanda kuma zai haƙa sabon rami daga yau, kafin ya kira masu diga, ya fara ƙwanƙwasa ƙofar na bayansa ya ce, "Maƙwabci, don Allah nuna mini inda ruwan shanku yake."